Rawar Kugu ta Masar ko Salon Haɗe-haɗe na Amurka?

Masu sha'awar rawar kugu sun sha tambayata wanne ya fi dacewa su koya, tsohon salon Masar ko kuwa sabon salon haɗe-haɗe na Amurka da ake kira Tribal Fusion.

Salon Masar, wato raƙs sharƙi, ya bunƙasa a gidan rawar Badia Masabni da ke Alƙahira tun shekarun 1920, inda taurari irin su Samia Gamal da Tahia Carioca suka yi suna. Wahalarsa tana cikin kunne, domin dole mai rawa ta naƙalci kiɗan maƙsum da baladi, wato nau'o'in bugun gangar Masar, ta kuma fahimci abin da waƙar ke faɗa, har kugunta ya amsa kowane bugun darbuka (wata gangar hannu) a kan lokaci. Wannan kuwa aikin shekaru ne.

Salon haɗe-haɗe ya samo tushe daga ƙungiyar da Carolena Nericcio ta kafa a San Faransisko a 1987, daga baya wata mai rawa Rachel Brice ta yaɗa shi duniya. Yana cakuɗa rawar Indiya da rawar filamenko ta ƙasar Sifen da kiɗan zamani, kuma yana buƙatar ƙarfin tsoka sosai; lanƙwasa baya ba tare da horo ba kan jawo ciwon gadon baya. Ta fuskar kayan rawa kuwa: duwatsun ado a salon Masar, azurfa mai nauyi a haɗe-haɗe.

Inda gardama ta yi zafi shi ne zargin da ake yi wa salon haɗe-haɗe na ɗibar al'adun wasu ba tare da sanin asalinsu ba, kuma a ganina zargin yana da ƙamshin gaskiya.

Mai son waƙar Larabci da haƙurin koyo, salon Masar ne nata. Mai neman 'yancin ƙirƙira a dandali kuwa, haɗe-haɗe zai fi karɓarta.