Karatu a Indiya: Arewa Ko Kudu?

Wanda ya ce maka zai tafi karatu Indiya bai gama magana ba, tambaye shi wane gari. Ƙasa ce mai jihohi 28, ga harsuna barkatai, kowace jiha da yanayinta, har dokar yanka saniya ma ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Na zauna arewa na zauna kudu, kuma ba zan ɓoye ba, Hyderabad nake nuna wa kowa.

Kewayen Delhi, wato su Noida, nan dillalan neman gurbin karatu suka fi tura mutane. Shekara ɗaya na yi na gudu. A watan Mayu zafi kan haura digiri 45. Da Nuwamba ta kama, manoman Punjab da Haryana suka cinna wa karan shinkafa wuta, sai hayaƙi ya lulluɓe gari, ka goge hanci da farin hankici ka ga ya yi baƙi. Mai asma kada ya ma fara. A Greater Noida ne kuma aka far wa ɗaliban Najeriya a Maris 2017. Mumbai kuɗin haya zai cinye ka. Chennai gumi ne ba dare ba rana. Bengaluru iskarta da daɗi, amma cunkoson motocinta sai mai haƙuri.

Hyderabad kuwa, babban birnin jihar Telangana da ke kudu, gari ne da baƙo ke saurin sakin jiki. Akwai Jami'ar Osmania da aka kafa a 1918, akwai Jami'ar Hyderabad ta gwamnatin tarayya tun 1974, ga kamfanonin haɗa magunguna da na kwamfuta birjik ga mai neman gogewa. Naman halal ba sai ka yi cigiya ba. A unguwar Tolichowki za ka tarar da Somaliyawa da Sudawa da Yamalawa, ba mai tsayawa kallonka. Ranar Juma'a ka yi salla a Masallacin Makka da ke gefen tsohon ginin tarihi na Charminar, da azumi kuma ka sha ruwa da halim mai zafi, wani fate na alkama da nama. Afrilu da Mayu akwai zafi, amma ƙirjinka lafiya lau.

Sai dai ko wane gari ka zaɓa, dillali ne zai iya kai ka ya baro. Nawa ya nuna mini hoton katafaren gini ya ce jami'a ce, na isa na tarar da ƙaramar kwaleji a saman shaguna. "Tallafin kashi hamsin" da ya yi ta cika baki da shi, ashe kuɗin aka ninka sannan aka rage rabi. Kafin ka biya ko rupi ɗaya, shiga shafin UGC, hukumar kula da jami'o'in Indiya, tana fitar da jerin jami'o'in bogi. Duba ko makarantar na da shaidar NAAC, hukumar tantance ingancin manyan makarantu. In kwaleji ce, tambayi wace jami'a ce za ta buga sunanta a takardar kammalawarka. Kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zuba shi, ba na wani "wakili" ba, komai zaƙin bakinsa, ko da ɗan garinku ne. Kada ka bar fasfonka a hannun kowa. In bizarka ta wuce kwana 180, yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje, cikin kwana 14 da saukarka, kuma ka yi da kanka, don wanda ya ce "bari zan yi maka" ba shi zai biya tarar ba.