Kilin, Long ko Zaki: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka a Tsohuwar Sassaƙar Sin?

Duk mai niyyar sayen tsohon katakon Sin da aka sassaƙa zai tarar da halittun almara uku sun cika kasuwa: Long, dodon nan mai jikin maciji, da zakin gadi, da kuma Kilin. Zakin bai buƙatar dogon bayani, domin namiji yana taka ƙwallo, mace tana dafe da ɗanta, kuma idan ba biyu ka samu ba, rabin kaya ka saya.

Ni dai Kilin nake fifitawa. Dabba ce mai kofato da ɓawo irin na kifi, wadda Sinawa suka ce ko ɗanyar ciyawa ba ta takawa, har ma a 1414, da aka kawo wa sarkin Sin Yongle raƙumin dawa daga Bengal, fadawa suka ce ita ce ta bayyana. Ana yawan sassaƙa ta a gadon amare tana goye da yaro, alamar fatan haihuwa. Mafi kyawunta aikin Chaozhou ne na lardin Guangdong, inda ake huda itacen kafur hawa-hawa, a shafe shi da jan fenti, sannan a lulluɓe da zinariya. Aikin garin Dongyang na lardin Zhejiang, da ake barin katako da launinsa, bai taɓa burge ni haka ba.

Long kuwa, a kansa aka cuce ni. A wani shago a Guangzhou dillali ya rantse mini cewa allonsa mai sassaƙar Long na zamanin Qing ne, daular sarakunan Sin ta ƙarshe wadda ta ƙare a 1912, ya nuna mini faratan dodon biyar, waɗanda a da sarki kaɗai ake yi wa. Sai da na dawo gida na zura allura a ramukan da ke kama da cin ƙwari a jikin allon, na ga duk miƙaƙƙu ne, girmansu ɗaya; da inji aka huda su. Ƙwaro na gaske karkacewa yake yi a cikin itace. Na goga farin ƙyalle mai laima a bayan allon, ya fito da baƙin man takalmi.

Saboda haka ka juya kaya ka duba bayansa, inda hannun masassaƙi yake barin sawu marar daidaito, kuma ka lura ko zinariyar ta goge a wuraren da hannu yake taɓawa ne kawai. Tun 2007 dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911, don haka wanda ya ce zai saka maka na Qing a kwantena ba tare da takarda ba, ko dai jabu ne, ko kwastan za su ƙwace.