Allura, bitamin ko sabon magani: me za a saya wa dattijon da tsakiyar ganinsa ke dushewa?

Idan Baba ya fara cewa layukan rubutu suna karkacewa, ko yana ganin rigar mutum amma fuskar ta yi duhu, kada a yanke cewa yana ce. Yanar ido da hawan jinin ido ne suka fi makantar da mutane a Najeriya, amma akwai wata cuta ta masu shekara 50 zuwa sama da ke cin makula, ɗan wurin da ke tsakiyar tantanin gani a bayan ido. Iri biyu ce, busasshiya da jiƙaƙƙiya, kuma maganin ɗaya asarar kuɗi ne ga ɗayar. Saboda haka kuɗin farko na hoton OCT ne, hoton bayan ido da ke nuna wace iri ce. Kafin a taso daga Talata Mafara ko Ƙaura Namoda, a tuntuɓi sashen ido na FMC Gusau a ji inda za a yi shi, domin akan tura mutum asibitin koyarwa na Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Jiƙaƙƙiya ita ce mai gaggawa. Sinadarin VEGF ke sa ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini, cikin makonni gani na iya tafiya. Maganinta allura ce a cikin ido, kusan 0.05 ml, bayan an kashe zafin wurin da ɗigo. Cikin magungunan allurar, Lucentis ya fito a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Avastin kuwa asalinsa maganin kansa ne, ana ɗiban 1.25 mg a yi wa ido. Gwajin CATT da aka fitar a Amurka a 2011 ya nuna Avastin da Lucentis kusan kunnen doki suke wajen kare gani, alhali a lokacin allurar Avastin wajen dala 50 ce, ta Lucentis wajen dala 2,000.

Ga yawancin iyalai a Zamfara, Avastin ne zaɓin hankali. Dalili kuwa, ba allura ɗaya ake saya ba: ana fara uku, wata-wata, sannan a ci gaba gwargwadon abin da hoto ya nuna, sau da yawa shekaru. Wanda ya sayar da bijimi ya yi mai tsada sau ɗaya ya tsaya, ruwan zai dawo. Inda Eylea da Vabysmo suka yi fice shi ne tazara, wata biyu ga na farko, har wata huɗu ga wasu masu amfani da na biyu. Ga mai nisan hanya, a lissafa kuɗin mota da masauki na mutum biyu kafin a yanke.

Haɗarin Avastin yana wajen rabawa. Kwalba ɗaya ta 100 mg ake raba wa mutane da dama, in aka yi sakaci ƙwayoyin cuta suka shiga, ido na iya mutuwa gaba ɗaya. A tambaya wa ya raba, yaushe aka huda kwalbar, kuma ko tana firji tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba wasa ba ne a zafin Afrilu da ɗaukewar wuta. Zafi, ja ko raguwar gani bayan allura, a koma asibiti a ranar.

Busasshiya ce ta fi yawa, nan ne kuma binciken garkuwar jiki ya shigo. A 2005 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado ta CFH, wadda ke taka wa wani sashen garkuwa birki, yana ƙara haɗarin cutar. Dattin da ke taruwa ƙarƙashin makula yana jawo ƙwayoyin maikurogiliya da makurofaj, masu aikin shara, sai su zauna su riƙa hura kumburi. Daga nan Syfovre da Izervay suka fito a Amurka a 2023, na farko yana toshe furotin C3 na garkuwar jiki, na biyu C5. Suna rage saurin faɗaɗar tabon da busasshiya ke yi a makula da kusan kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, ba sa dawo da gani, suna kuma ƙara yiwuwar rikiɗewa zuwa jiƙaƙƙiya. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da Syfovre a 2024. Ba abin da za a sayar da gona a bi ba ne tukuna.

Ga mai busasshiya matsakaiciya, haɗin bitamin da ake kira AREDS2 yana rage haɗarin tsananta da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara biyar. A duba jikin kwalba: bitamin C 500 mg, bitamin E 400 IU, lutin 10 mg, ziyazantin 2 mg, zink 80 mg, jan ƙarfe 2 mg, da lambar NAFDAC. Mai shan taba ya guji tsohon haɗin mai beta-karotin, yana ƙara masa haɗarin kansar huhu. Tabar ma ya bar ta, tana ninka haɗarin cutar makula.

Jin kalmar kumburi kan sa wasu su nufi kemis su sayo ɗigon dexamethasone. Ba ya maganin wannan cutar, kuma yawan ɗiga shi na tayar da hawan jinin ido da yana. Gara a karɓo takardar Amsler mai layukan murabba'i a manna a bango, Inna ko Baba ya rufe ido ɗaya ya kalli ɗigon tsakiya kowane mako, sannan ya gwada ɗayan. Layi ya lanƙwashe, a ga likitan ido cikin kwanaki.