Sitikar auna zafi da na manna wa regiletar jirgin Alhaji

Ni mai wayarin mota ne, shagona yana Suame Magazin, gidana kuma Aboabo. Jirgin sama ba sana'ata ba ce. Alhajin da nake yi wa gyaran motoci ne yake da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, injinsa Rotax 912, kuma injiniyan da ke kula da shi yakan kira ni in riƙe masa mita idan maganar wuta ta taso. A nan na yi amfani da sitikar da zan yi sharhi a kanta.

Regiletar jirgin ce ta ƙone, karo na biyu. Aikinta shi ne ta karɓi wutar da janaretan cikin injin ke bayarwa, wat 250, ta gyara ta zuwa wajen volt 14 don cajin batir, kuma tana wannan aiki tana ɗumama. Littafin injin ya ce kada jikinta ya wuce digiri 80. Alhaji ya ce a sayo wata mai tsada a huta. Injiniya ya ce: "Ranka ya daɗe, a fara aunawa, kada mu ƙona ta uku."

Sitikar siririya ce, ba ta kai tsawon yatsa ba, goma a fakiti. Tana da ƙananan gidaje takwas, kowanne da digirinsa na zafi: 71, 77, 82, 88 har zuwa 110. Duk gidan da zafi ya kai gare shi sai ya koma baƙi, kuma ba ya sake fari. Ba batir, ba waya. Na goge jikin sabuwar regiletar da sifirit, na manna. Gaskiya gam ɗinta yana da kyau, ƙurar hunturu da turirin mai ba su ɗaga ta ba.

Bayan tashin farko, a cikin Fabrairu da rana ke dukan Kumasi, muka buɗe murfin inji: baƙi har gidan 88. Wanda ya haɗa jirgin tun farko ya dasa regiletar ne a bangon da ke raba inji da matuƙi, ta ɓangaren inji, ɗan taƙi kaɗan daga salansa. Laifin wurin zama ne, ba na regiletar ba.

Sai dai ga inda sitikar ta ba ni haushi. Tana faɗa maka iyakar zafin da aka kai, amma ba ta faɗa maka yaushe. A sama ne? A ƙasa ne, lokacin da ake jiran izinin tashi inji na aiki iska ba ta shiga sosai? Ko bayan an kashe inji, zafin salansa ya taru a cikin murfi? Dole muka riƙa ɓarnar sitika: sabuwa kafin a kunna, a duba bayan ɗumama inji a ƙasa, a sake wata a tashi, da sauka a buɗe da gaggawa kafin zafi ya taru, yatsuna suka sha ƙuna. Guda shida suka tafi kafin mu gane cewa tsayuwar ƙasa ce ta fi cutar da regiletar. Kuma tazarar gidajen tana da faɗi. Daga 77 sai 82, ita kuwa iyakar 80 tana tsakani, don haka muka ɗauka cewa in 77 ta yi baƙi, to an zo bakin gaɓa.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Wani maƙeri a layinmu ya yanka mana farantin alminiyam mai kauri, aka matsar da regiletar nesa da salansa, aka ɗora ta a kai da man nan fari mai isar da zafi, aka janyo ƙaramin tiyo daga gaban murfin inji yana hura mata iska a kan haƙarƙarinta. Jikinta ne at ɗinta, wato hanyar da wuta ke komawa, saboda haka na ƙara mata waya ta musamman zuwa inji. Na kuma tarar da bakin wayoyi biyu rawaya da ke kawo mata wuta daga janareta ya yi laushi har roba ta fara canza launi, wanda shi kaɗai ma zafi yake haifarwa, na sauya su. Kondansar da ke haɗe da ita, mai maikurofarad 22,000, tana nan lafiya, ban taɓa ta ba. Injiniya ya duba komai ya sa hannu, don ni hannuna ba ya tayar da jirgi.

Yanzu 71 kaɗai ke yin baƙi, ko an daɗe a ƙasa. Sitika guda ɗaya muka bari a jikin regiletar, ana leƙa ta duk lokacin da aka buɗe murfi don duba mai. Wanda zai saya ya ɗauki fakiti biyu, ya kuma ajiye su a inuwa. Ragowar biyun da na manta a gaban motata ranar Juma'a, na dawo daga masallaci na tarar gidan farko ya yi baƙi.