Nima, Madina ko Kasuwa: ina za ka sauke iyalinka a Akara?

Wanda ya zo Akara shi kaɗai ba ya buƙatar shawarar kowa. Katifa ɗaya a ɗakin wani ɗan'uwa ta ishe shi ya shekara. Lissafi yana canzawa ne ranar da ka ce uwargida da yara su biyo ka, domin a garin nan kuɗin haya a gaba ake biya, kuma da yawa. Dokar haya ta Gana, wadda aka yi tun 1963, ta hana mai gida karɓar fiye da na wata shida a gaba, har ma akwai ofishin gwamnati mai sauraron rikicin haya. Amma je ka karanta wa mai gida dokar ka gani. Shekara ɗaya ko biyu zai ce, in ka tsaya gardama ya nuna maka wasu na jira a bayanka. In ka zuba na shekara biyu a inda zama bai karɓe ku ba, sai dai haƙuri.

Yawancinmu da muka zo daga Najeriya ko Nijar cikin zango muke fara sauka, kuma akwai dalili. Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa sama da shekara 100 da suka wuce, yana maƙwabtaka da kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, asibitin Korle Bu ma ba nisa. Nima kuwa ta taso ne a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, ita da Mamobi yanzu sun haɗe, da ƙyar baƙo zai gane iyakarsu. A nan kiran salla ne zai tashe ka, da safe ga koko da ƙosai a bakin layi, da rana ga wake da shinkafa da suke kira wace, da dare tuwon zafi da tsire. Ranar Laraba kasuwar Nima ke ci, gero da dawa da wake daga arewa, kai ka ce a Dawanau kake. Babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina, wanda aka buɗe a 2021, yana Kanda, a ƙafa ma ana zuwa.

Babbar ribar zango ga mai iyali ita ce harshe. Matarka za ta sauka yau, gobe ta yi cefane ba tafinta. Sai dai Hausar tasu daban ce, ba ta raba mace da namiji. Kwana biyu da saukarmu wata dattijuwa ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, matarka ya iso? Ya zo da yara?" Na yi tsaye ina neman wane ne ya iso. Cikin wata uku yarana sun kwashe ta tsaf, yanzu in mun je gida kakarsu ke fama da su.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Gidajen zango yawanci gidan haya ne na taron jama'a: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, iyali goma ko fiye, kowa da murhunsa a ƙofar ɗakinsa. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen ba su da banɗaki, sai na unguwa wanda ake biya a shiga. Namiji da zai fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ba zai ji nauyin wannan ba. Matar da ta taso a gidan da ko almajiri sai ya yi sallama a zaure, ita ce za ta wuni tana girki da wanki a idon samarin gida. Wata takwas muka yi a ciki da falo a Nima. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai wata rana da daddare ta ce, "Malam, ni fa tun da muka zo ban cire hijabi da rana ba." A daren na fara neman wani gida.

Idan dole zangon kake so, nemi ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki, ko da kuɗinsa ya ninka. Akwai su, musamman a sababbin benaye, amma ba sa daɗewa a kasuwa, kuma ta bakin mutane ake jin labarinsu, a masallaci ko wurin mai shayi.

Madina ita ce tsaka-tsaki, kuma ba zan ɓoye ba, nan na zaɓa. An kafa ta a 1959, tana gaba da jami'ar Legon in ka fito daga cikin gari. Tana da nata zangon, da babbar kasuwa, da tashar turoturo, wato ƙananan bas-bas na haya, da za ta kai ka kusan ko'ina. Abin da ya bambanta ta shi ne kana iya kama gida mai katanga da ƙofarsa a bayan zangon, tafiyar minti goma ko sha biyar a ƙafa. Yara su tafi makarantar allo da yamma, uwargida ta je suna da biki da ta'aziyya, sannan ku dawo ku rufe ƙofarku. Maƙwabtanku za su kasance gauraye, Ashanti da Ewe da Dagomba da Kotokoli, Musulmi da Kirista, don haka sai kun koyi gaisuwa da harshen Twi ko kaɗan ne, kuma ku shirya wa kiɗan coci ranar Lahadi. Kuɗin haya ya fi na ɗakin zango. Wahalarta hanya ce: mai aiki a tsakiyar gari ko mai shago a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, in bai fita kafin ƙarfe shida ba, cunkoso zai cinye masa safiya. In ka matsa gaba zuwa Adenta gidajen sun fi fili, amma fara tambayar ruwa kafin ka tambayi kuɗi, domin akwai layukan da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, sai an sayi na tanka.

Masu neman sauƙi kan nufi Kasuwa. Sunan garin Hausa ne, su suke rubuta shi Kasoa. A taswira ma ba cikin yankin Akara take ba, yankin Tsakiya ce, amma dubban mutane daga can suke shigowa aiki kullum. Kuɗin da zai ba ka ciki da falo a Madina zai iya ba ka gida sukutum a can, har da filin da yara za su yi wasa. Farashin da za ka biya shi ne rayuwarka a mota. Hanya ɗaya ce babba, ta Weija da mahaɗar Malam, in ta toshe ta toshe. Na san magidanta da ba sa ganin 'ya'yansu a farke sai Asabar. Ga wanda sana'arsa ke can, ko yake aiki daga gida ta intanet, babu laifi. Ashaiman ma haka lissafinta yake, sai dai ita ta dace da mai harka da tashar jiragen ruwa ta Tema ko mai cinikin dabbobi a kasuwar Turaku.

East Legon da Cantonments da ire-irensu, inda ake faɗin haya da dala, ba zan ɓata tawada a kansu ba. Wanda kamfani ko ofishin jakadanci ke biya masa ya san hanya. Abu ɗaya kawai: a can maƙwabci ba ya leƙo ka, kuma matar da ba ta tuƙi za ta iya yin sati ba ta yi hira da kowa ba in ba a waya ba.

Maganar makaranta tana shiga zaɓen unguwa fiye da yadda sabon zuwa ke zato. A unguwannin Musulmi akwai makarantun gwamnati da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, inda ake haɗa boko da Larabci a wuri guda, ga kuma masu zaman kansu a kowane layi. Tsarin ya yi kusa da na Najeriya, firamare shekara shida, ƙaramar sakandare uku, babba uku, jarrabawar ƙarshe ma ta WAEC ce. Yaron da ya fito daga Nijar da Faransanci shi ne zai sha ɗan fama a shekarar farko. Ka fara samun makarantar da ta kwanta maka, sannan ka nemi gida a kusa da ita, kada ka juya lissafin.

Takardu kuma kada a yi musu riƙon sakainar kashi. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga ba biza, kwana 90 ne iyakarsa, bayan nan sai izinin zama daga hukumar shige da fice. Akwai kuma katin shaida na baƙi, wanda lokacin da muka yi dala 120 ne kowane mutum, sabuntawa dala 60 duk shekara. Ba shi, rajistar layin waya da buɗe asusun banki za su gagare ka, a ƙasar da kusan kowane ciniki ta MoMo ake biya, wato tura kuɗi ta layin waya. Ka ninka wannan da yawan iyalinka ka sa a kasafi tun daga gida. In kuma niyyarka uwargida ta buɗe ɗan shago, ka sani dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Akara da Kumasi a kan haka.

Duk unguwar da ka tsayar, kada ka biya sai ka dubi gindin bango. Damina mai ƙarfi a nan tana kaiwa ƙololuwa a watan Yuni, kuma mutanen garin ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, sama da mutum 150 suka rasu. Gidan da ke kusa da rafin Odaw ko babbar kwata, in ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa, kada ka tambayi dillali, tambayi mai sayar da koko a bakin layin. Ka duba ko mitar wuta taka ce kai kaɗai, domin mitar tarayya ta raba maƙwabta da yawa, kowa na cewa wane ne mai firji da dutsen guga. Dillali zai karɓi kuɗin nuna gida tun kafin ka ga ƙofa, sannan la'adarsa daban in an daidaita, don haka ku yanke ta tun farko. Ka tabbatar wanda zai karɓi kuɗinka shi ne mai gidan, domin gidajen gado sun yi yawa a zango, kuma ɗan'uwa ɗaya kan bayar da ɗakin da sauran ba su yarda ba. Ranar biya ka tafi da limamin layin ko wani dattijo daga fadar sarkin zango, a rubuta yarjejeniya da rasit, shi ma ya sa hannu.