Kwalin katunan bayoloji da na saya wa 'yata, bayan wata huɗu

Ba katunan na je saya ba. Littafin tambayoyin JAMB na shekarun baya ya kai ni wani shagon littattafai a Sabon Gari, nan Kano, saboda babbar 'yata tana aji uku na babbar sakandare kuma likitanci take so. Yaron shagon ya tafi neman canji, ni kuma hannuna ya kai kan wani ɗan kwali a gefen teburi, na zaro kati guda. A gabansa an rubuta hepat- da manyan baƙaƙe. A bayansa an yi bayani da Turanci cewa kalmar Girkanci ce mai nufin hanta, aka jero kalmomi uku da aka gina da ita. Nan take na tambayi kuɗi. Mai shagon ya ce dubu bakwai, muka daidaita a kan naira 6,500.

Aikina ke nan, shekara goma sha tara ina ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ina duba jini da fitsari a maikuroskof. Lokacin da nake sakandare babu wanda ya taɓa gaya mana cewa dogayen kalmomin nan ɗinki ne, guntu-guntu aka harhaɗa su. Hadda muke yi, mu zubar a takardar jarrabawa, bayan mako biyu babu ko ɗaya a kai. Sai da na shiga makarantar koyon aikin lafiya na gane sirrin, kuma har yau ina jin takaicin shekarun da suka tafi.

Kati 300 ne a kwalin, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Shuɗaye guda 100 na saiwoyin kalmomi ne, farare 150 na cikakkun kalmomi da ma'anarsu, koraye 50 kuma na sunayen kimiyya na tsirrai da dabbobi. Idan aka ce in zaɓa, shuɗayen nan kaɗai sun biya kuɗin.

Daren farko bayan sallar isha muka baza su a kan tabarma. Na tuna mata darasin Hausa, ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya: yadda ma- ke shiga gaban kalma a sami makaranta da maɗinki, yadda -anci ke bin baya a sami Hausanci da Turanci. Na ce masu kimiyya ma abin da suka yi ke nan, sai dai da Girkanci da Latin. Na ajiye hepat-, na jona masa -itis, wato kumburi: kumburin hanta, ciwon da muke gwadawa kullum a wurin aiki. Sai na miƙa mata nephr-, ta juya ta ga ƙoda. Ta ɗan yi shiru, ta jawo -itis da kanta ta ce, "Abba, ke nan wannan kumburin ƙoda ne?" Na ce shi ne. Kafin mu tashi ta haɗa na fata da na tumbi ba tare da na sa baki ba.

Akwai kati biyu da na ga hikimar mai tsara su, don ya jera su kusa da juna: -ose da -ase. Harafi ɗaya ya raba su. Na farko wutsiyar sunayen sukari ce, na biyu ta sinadaran da ke farfasa abinci, waɗanda ake kira enzyme. Sukarin da ke cikin nono lactose ne, mai narkar da shi a hanji lactase. Na sa ta tauna lomar burodi ta daɗe ba ta haɗiye ba, har ta ce ta fara jin zaƙi. Wannan aikin amylase ne da ke cikin yawu, yana mayar da sitaci sukari. Ita kanta kalmar enzyme, da aka ƙirƙira a Jamus a ƙarni na 19, ma'anarta "a cikin yisti". Mamansu tana gefe tana jinmu, ta ce ashe ƙullun wainarta da ke kwana ya tashi yana cikin littafin su. Yana ciki kuwa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne sikila. Ba a yin mako ban ga ma'aurata masu shirin biki sun zo gwajin jini ba, musamman tun da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ana ba su takarda an rubuta AA ko AS ko SS, da yawa su tafi ba su san abin da haruffan ke nufi ba. 'Yata ma tun tana ƙarama take jin sikila, akwai masu ita a danginmu, amma ba ta taɓa sanin cewa kalmar daga sunan lauje ta fito a Turanci ba. Ƙwayar jan jini mai lafiya zagayayyiya ce, tana lanƙwasa ta wuce ta siraran hanyoyin jini, ta yi kusan kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila takan ƙage ta koma siffar lauje, ta toshe hanya, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke zuwa. Da katin haem-, jini, da homo-, iri ɗaya, da hetero-, iri dabam, ta zana teburin gadon jini da hannunta ta gano cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila. Na jaddada mata kalmar kowane, domin nan mutane ke kuskure. Sau nawa wani uba ya ce mini ai sun riga sun haifi mai sikila ɗaya, sauran ukun lafiya za su zo? Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki sabon lissafi ne.

To amma kwalin yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba.

Babu Hausa ko kalma ɗaya. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai juya kati ya tarar an fassara masa baƙuwar kalma da wata baƙuwar. Sai muka sayi jan biro muka shiga rubuta Hausar a ƙasan kowane bayani: saifa, maɗaciya, huhu, mafitsara, ɓargo, laka. Waɗannan ba su ba mu wahala ba, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ranar layya ya san su. Wahalar ta zo a jijiya. Mu da kalma ɗaya muke kiran mai fitar da jini daga zuciya, da mai mayar da shi, da mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, da mai ɗaure tsoka da ƙashi. A jarrabawa kuwa abu huɗu ne dabam-dabam, wanda ya cakuɗa su ya rasa maki. Dole kowane kati ya samu ɗan jimla maimakon kalma guda. Haka ƙwayar cuta. Bakteriya ƙwayar cuta ce, bairos ƙwayar cuta ce, Plasmodium da macen sauro ke zubawa a jini ya kawo zazzaɓi ita ma haka muke ce mata. Wannan haɗe-haɗen ba a aji kaɗai yake cutarwa ba. Shi ya sa mutum zai kamu da mura, wadda bairos ke kawowa, ya tafi kemis ya sayi maganin kashe bakteriya ya yi ta sha, bai warke ba, ya kuma koya wa bakteriyar jikinsa jure magani. Na daɗe a kan waɗannan katunan guda uku fiye da kowanne.

Sannan na tsinci kuskure. Farin katin artery ya ce jijiya ce mai ɗaukar jinin da ke ɗauke da iskar oksijin. Galibi haka ne, amma wadda ke tashi daga zuciya zuwa huhu jinin da ya rasa oksijin take kaiwa, kuma irin tambayar da masu jarrabawa ke so ke nan. Ma'anar da ta tsaya daidai ita ce mai fitar da jini daga zuciya. Na soke na gyara. Wanda ba shi da babba a gida da zai duba masa, haka zai haddace shi.

Takardar kuma ba ta da kauri. Katunan da aka fi taɓawa sun fara naɗewa a gefe, murfin kwalin ya yage a wata na biyu, yanzu roba muke ɗaure su da ita.

Korayen su ne mafi rauni. Tsarin suna biyu da masanin tsirrai Linnaeus ya kafa wa tsirrai a 1753 an yi bayaninsa da kyau, amma misalan itatuwa ne da furannin Turai da yaranmu ba su taɓa gani ba, alhali a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO abin da ke kasuwa da gonar bayan gari ake ajiye musu a teburi. Muka yanka kwalin takalmi muka yi namu. Gyaɗa, Arachis hypogaea: hypo- ƙarƙashi, gaea ƙasa, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Kuka, Adansonia digitata, saboda ganyenta kamar yatsun hannu. Ɗorawa, Parkia biglobosa, wadda aka sa wa sunan Mungo Park, Baturen da ya mutu a kogin Kwara wajen Bussa a 1806. Muka ƙara dawa da gero da wake da zogale da tsamiya da yakuwa. Na gyaɗar ta fi so, don ita ta warware shi da shuɗayen katunan kafin in ce komai.

Ga ɗalibin da ke shirin likitanci ko aikin jinya ko haɗa magunguna, ina ganin a saya, a fara da shuɗayen, kati biyar a rana ya isa. Kada a ajiye littafin karatu saboda su, domin babu zane ko ɗaya a ciki, kuma ba za a gane tsarin zuciya ko ƙoda ba sai an ga hoto. Malamin aji ma zai more su idan ya raba ɗalibai rukuni-rukuni suna jona kalmomi.

Makon jiya na koma shagon da katin jijiyar nan a aljihu. Na nuna wa mai shagon gyaran, ya karanta sau biyu, ya ce, "Malam, bar mini shi in nuna wa masu kawo mana." Na bar masa, na dawo gida na rubuta wani a kwalin takalmi. Na kuma tambaye shi ko akwai irinsa na kemistiri, ya ce in leƙo bayan sallah.