Wayar jita da ta piyano a Jos: wacce ce ta cancanci kuɗinka

Duk mai harkar kiɗa a garin nan, ko ɗan situdiyo ne, ko mai kaɗa jita a coci, ko masu zuwa biki da piyano, ya san ba miksa ko sifika ke yawan ba mutum kunya a gaban jama'a ba, waya ce. Mutum zai tara kuɗi ya sayi piyanon Yamaha PSR mai tsada, sannan ya shiga wajajen kasuwar Terminus ya ce a ba shi wayar da ta fi araha, ran biki kuma ana tsaka da rawa sai ka ji ƙarrr ƙarrr, kowa ya juyo yana hararar mai sauti.

Kala uku na yi aiki da su sosai. Ta farko ita ce irin wadda ake jibgewa a leda babu sunan kamfani, kanta narkakken roba ne wanda ba ya kwancewa. Gaskiya tana aiki ranar da ka saye ta, ba zan yi mata ƙarya ba. Matsalar tana wuyan jak ɗin, wato kan wayar da ake sokawa a rami, nan take karyewa ta ciki, kuma tunda kan a liƙe yake babu yadda za ka buɗe ka gyara sai dai ka yanke ka yar. In ka fere ta za ka ga zaren tagullan da ke kewaye da tsakiyar ƴan ƙalilan ne, wasu ma alminiyon ne aka yi wa fentin tagulla, dalma da ƙyar take kama shi. Wannan zaren na kewaye shi ke kare sauti daga gurnanin wuta, shi ya sa da an tada janareta ko an ja ta kusa da wayar lantarki sai ka ji huuum a sifika. Ga sanyin Jos, lokacin hunturu robarta sandarewa take kaman busasshen ganda, ka naɗe ta ta ƙi naɗuwa.

Ta biyu su ne na kwali masu suna, irin su Hosa da Fender da D'Addario. Waɗannan ba laifi, in ka samu na asali za su kai ka nesa, kuma Hosa ta fi sauƙin kuɗi a cikinsu. Yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas ake kawo su, farashin kuma yana bin dala, yau wani gobe wani. Abin lura kawai jabu sun yi yawa, kwalin ya yi kyau amma abin ciki ba shi ba ne.

Ta ukun ita ce nake ba mutane shawara a kai, wato ka sayi waya ta mita, ka sayi kawuna daban, ka kai wa mai gyaran rediyo ko amfilifaya ya haɗa maka. Wayar Canare GS-6 ko Mogami 2524, duk na Japan ne, kawunan kuma Neutrik, ko Rean wanda shi ma na kamfanin Neutrik ɗin ne amma ya fi araha. Kuɗin farko zai ɗan ciji aljihu, ya fi na ledar nan nesa ba kusa ba, amma in kan ya samu matsala kwance shi za ka yi a sake masa dalma a ci gaba da aiki, wayar kanta kuwa shekaru take yi, kuma ko da sanyin Disamba tana nan da laushinta. Akwai wani bawan Allah da ke haɗa min, hannunsa na da kyau wallahi, sai dai ba ya cika alƙawarin lokaci, in ya ce yau to ka sa rai jibi. Abu ɗaya da za ka tsaya a kansa ko wa zai haɗa maka: irin waɗannan wayoyin suna da wani siririn baƙin roba a ƙarƙashin zaren tagullan, wuta na bi ta cikinsa, dole a ɓare shi baya kada ya taɓa zaren tsakiya, in ba haka ba sauti zai fito a shaƙe ko ya ragu sosai ka ɗauka wayar ce jabu alhali aikin ne ba a yi daidai ba.

Maganar tsawo kuma mutane na son doguwa wai don su yi yawo a dandali. Jitar da ba ta da batir a ciki, da wayar ta wuce mita 6 za ka fara jin kaifin sautin yana dushewa, don haka mita 3 ta isa situdiyo, 5 zuwa 6 ta isa dandali. Piyano bai cika damuwa da wannan ba, amma in miksa na can ƙarshen zaure kar ka ja wayar jak mita 20, sayi ƙaramin akwatin nan na DI, wanda ke haɗa wayar jak da wayar da ake kira XLR, ka sa gajeriyar jak, daga nan ka tafi da XLR mai haƙora 3, ita aka yi don doguwar tafiya ba tare da kwaso gurnani ba. Makirfon situdiyo mai buƙatar wutar 48V ma ta XLR yake samunta.

Sannan don Allah a daina sa wayar jita tsakanin amfilifaya da sifika don kawai jak ɗin ya shiga ramin. Zarenta siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfin ba, zai yi zafi, har amfilifayar kana iya rasawa. Wayar sifika daban take, zare biyu masu kauri.

Kan waya mai ruwan gwal da ake ƙara wa kuɗi, ni dai kunnena bai taɓa jin bambanci ba, amfaninsa kawai ba ya saurin tsatsa da damina. Kar mai shago ya ruɗe ka da shi.

In za ka saya, kwance kan a gabansa ka duba dalmar, ka ga akwai abin da ya riƙe wayar gam a wuya. Ka ce a jona ta a amfilifaya, ka murɗa wajen wuyan, ka ɗan buga ta a ƙasa, in ka ji ƙas ƙas ajiye masa kayansa. Wanda ya ƙi yarda a gwada, wuce shago na gaba. Kuma ka daina naɗe ta a gwiwar hannu kana ja da ƙarfi, haka ake tsinka zaren ciki ko da Mogami ce, a hankali ake naɗewa zagaye zagaye a ɗaure a rataye.